Da Asuba Ba Na Iya Ɗaura Zani, Maigida Ya Ce Ciwon Ganin Dama Ne

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 30, 'ya'yana uku, ƙaramar watanta takwas. Ɗinki nake yi a cikin gida. Bayan na yi arba'in da 'yan makonni sai yatsun hannuwana duka biyu suka fara ciwo, daga nan wuyan hannu, sai gwiwa da tafin ƙafa. Da asuba abin ya fi tsanani. Yatsun sai su kumbura su sandare, ba na iya dunƙule hannu, ba na iya ɗaura zani ko ɗaga buta, goyo ma sai babbar 'yata ta kama mini. Sai hantsi ya dubi ludayi jikin yake saki. Ga wata gajiya da barci ba ya kore ta.

An yi mini maganin maleriya da taifot har na gaji. Uwar mijina ta ce wankan jego ne ban yi da kyau ba sanyi ya shige ni, tana so in sake wanka a kuma yi mini ƙaho. Mahaifiyata kuma tana ganin hannu aka sa mini. Wani mai kemis yana haɗa mini ƙwayoyi a leda, in na sha sai in ji garau. Wata huɗu ke nan ina sha, yanzu fuskata ta cika, cikina yana zafi, in na kwana biyu ban sha ba ciwon ya dawo ya fi na da. Wani likita ya duba hannuwana ya ce yana zargin garkuwar jikina ce take yaƙar gaɓɓaina, ya ba ni takarda zuwa asibitin koyarwa. Tun da maigida ya ji an ambaci garkuwar jiki ya canza mini fuska, yana tunanin ƙanjamau, alhali gwajin da aka yi mini lokacin awo ya nuna ba ni da shi. Da ya ga da rana ina ɗan taɓa keke sai ya ce ciwon nawa na ganin dama ne, ba ya tashi sai lokacin haɗa karin kumallo. Wannan maganar ta fi ciwon yi mini zafi. Ya ce ba shi da kuɗin babban asibiti tunda maganin kemis yana aiki. Anti, ni kaina na fara tambayar kaina ko raki nake yi. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da jiki, sannu da ɗawainiyar yara uku a cikin wannan hali. Bari in fara da tambayar da kika yi wa kanki, don ita ta fi tsaya mini a rai. Ba raki kike yi ba. Raki ba ya kumbura gaɓa, ba ya zaɓar yatsun dama da na hagu a lokaci guda, kuma babu macen da za ta bar keken da take ci da shi ya yi ƙura don ganin dama. Abin da kika zayyana, wato ƙananan gaɓɓai na ɓangare biyu, sandarewar safe da ke wuce awa guda, gajiya, da farawa bayan haihuwa, duk sanannun alamu ne na amosanin gaɓɓai nau'in rumatoyid. Tabbatarwa aikin likitan da zai taɓa hannunki ya auna jininki ne, domin akwai cututtuka masu kama da shi, irin su lufus (wani ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jiki) da ciwon hanta nau'in B ko C. Amma likitan da ya ba ki takarda ya nuna miki hanyar da ta dace. Kuma ba ke kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da wannan ciwo, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Ina so ki fahimci abin da ke faruwa a cikin yatsunki sosai, don da wannan fahimtar za ki iya fuskantar maigida da iyaye ba tare da muryarki ta yi rawa ba.

A jinin kowa da namansa akwai ƙwayoyin halitta da aikinsu tsaron jiki ne, su muke kira garkuwar jiki. Dare da rana suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu ƙananan sinadarai da masana ke kira saitokin. Uku daga ciki sun yi ƙaurin suna a wannan ciwo: TNF da IL-1 da IL-6. Ki ɗauki misalin 'yan sintirin unguwa. Ɗaya ya ga ɓarawo ya busa usur, na kusa ya ji ya busa nasa, kafin a ce kwabo layi ya cika. In ƙaya ta soke ki haka ake yi: hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin nama, ƙwayoyin tsaro su iso, wurin ya yi ja, ya yi ɗumi, ya kumbura, ya yi zogi. Wani marubuci na daular Rum, Celsus, ya lissafa waɗannan alamu huɗu tun ƙarni na farko na miladiyya. In an gama da ƙayar sai wasu sinadaran su ba da umarni a watse. A irin ciwonki an busa usur babu ɓarawo, an kama ɗan gida ana duka, kuma babu wanda ya ce a watse. Ɗan gidan shi ne siririn tantanin da ya lulluɓe cikin gaɓa, mai samar da ruwan da ke sa ta motsi salin-alin. Tantanin sai ya yi kauri, ya cika gaɓar da ruwa, kumburin da kike gani ke nan.

To ina zafin yake fitowa? A jikin kowace gaɓa akwai bakin jijiyoyi sirara masu kai rahoton ciwo zuwa laka, daga nan zuwa ƙwaƙwalwa. Waɗannan jijiyoyi suna jin saƙon garkuwar jiki kai tsaye, domin a jikinsu akwai gurbin da TNF da IL-1 da IL-6 suke maƙalewa. Haka kuma saitokin suna sa nama ya fitar da wani sinadari mai suna furostagilandin. Duka waɗannan abin da suke yi shi ne su sa jijiyar ta zama mai saurin ƙorafi, abin da da ba ya isa ya tashe ta yanzu ya ishe ta. A 1997 wani masani a Amurka, David Julius, da abokan aikinsa suka gano wata ƙofa a jikin irin waɗannan jijiyoyi wadda yajin barkono ke buɗewa, ita ce kuma ke buɗewa in zafi ya kai kimanin digiri 43. Aikin ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. An gano cewa in wuri yana kumbure, ƙofar takan iya buɗewa ko da ɗumin jikin mutum kawai. Shi ya sa ɗaurin zani, riƙon almakashi, ko gaisawar da ƙawa ta ɗan matse miki hannu suke zame miki azaba. Jijiyar ba ƙarya take yi ba, ƙwaƙwalwarki ma ba ƙirƙira take yi ba.

Maganar ba ta tsaya nan ba, domin jijiyoyin su ma suna mayar da martani. In sun ji jiki sai su fitar da nasu sinadaran a wurin, su ƙara buɗe hanyoyin jini, su ƙara zuga ƙwayoyin tsaro. Idan aka daɗe a haka, laka da kanta takan koyi ƙara wa saƙon ƙarfi kafin ta miƙa shi sama, abin da Clifford Woolf ya nuna a Landan a 1983. Wannan ne ya sa wasu da suka shekara da shekaru ba a yi musu magani ba, ko kumburi ya lafa ciwo ba ya barinsu duka. Kuma saitokin ɗin nan da ke tsokanar jijiya, su ne ke tayar da ƙwayoyin da ke cin guringuntsi da ƙashi. Zaizayar takan fara tun a shekara ta farko ko ta biyu, kuma abin da ya zaizaye ba ya dawowa. Ke da hannunki ne jarinki, wannan ba abin da za a yi wa jinkiri ba ne.

Yanzu ga amsar abin da ya ɗaure wa maigida kai. Sinadaran kumburi ba daidai suke a jini ba cikin yini. IL-6 yana hawa cikin dare, ya kai ƙololuwa wajen asuba. Sinadarin da jiki ke yi da kansa don kwantar da kumburi, kotisol, yana ƙasa-ƙasa a tsakiyar dare, sai gabanin wayewar gari yake tashi. Ga shi kuma gaɓa ta kwana ba motsi, ruwa ya taru a cikinta. Da hantsi kotisol ya yi aikinsa, motsi ya rage ruwan, sai hannu ya saki. Wato ciwon da yake tashi lokacin karin kumallo ya sauka da rana, wannan tsarin nasa shi ne ma babbar shaidar da likita yake nema. Gajiyar ma daga tushe ɗaya take. Saitokin suna isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa cewa jiki ya kwanta, su kashe sha'awar abinci, su sa kasala da ƙuncin rai, irin abin da mai zazzaɓi yake ji. IL-6 kuma yana sa hanta ta kulle sinadarin ƙarfen da ake yin jini da shi, sai ƙarancin jini ya biyo baya.

Uwar mijinki ta lura da gaskiya guda, cewa abin bayan haihuwa ya faro. Dalilin ne ya bambanta da nata. Lokacin goyon ciki garkuwar jiki takan sassauta don kada ta taɓa ɗan da ke ciki, shi ya sa mata da yawa masu wannan ciwo suke samun sauƙi in suna da juna biyu. Bayan an sauka sai ta dawo da ƙarfinta, kuma a watannin nan ne ciwon yakan tashi wa mai shi, ko ya fara bayyana ga wadda ba ta taɓa yi ba. Matan ƙasashen da ba su san wankan jego ba ma haka yake yi musu. Ki cire wa ranki cewa wani sakaci kika yi.

Ƙullin ledar nan shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki. Cikar fuska da zafin ciki, da yadda ciwo ke dawowa da ƙarfi in kin tsallake, suna nuni da cewa akwai abu biyu a ciki: mai kashe zafi dangin daikulofenak ko ibufurofen, da kuma sitiroyid irin su firedinisolon ko dekzametason. Na farkon, kamar yadda John Vane ya gano game da asfirin a 1971, aikinsa ya toshe samar da furostagilandin. Jijiya sai ta yi shiru, ki ji daɗi, amma TNF da IL-6 suna nan suna aikinsu a kan ƙashi. Kuma furostagilandin ɗin da aka toshe shi ne ke kare bangon ciki daga tsami, shi ne ke taimaka wa jini ya isa ƙoda. Daga nan gyambon ciki da ciwon ƙoda suke shigowa, musamman in an haɗa irinsu biyu, ko an haɗa da sitiroyid.

Shi sitiroyid yana da tarihin da ya kamata ki sani. Wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya daɗe yana lura da cewa masu wannan ciwo suna samun sauƙi in sun yi ciki ko shawara ta kama su, ya yi zargin akwai wani sinadari a jiki da ke jawo haka. A watan Satumba na 1948 aka yi wa wata mata mai shekara 29, kusan sa'arki, wadda ciwon ya kwantar, allurar kotizon, wani nau'in sitiroyid. Cikin kwanaki kaɗan ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a jima ba kuma illolin suka bayyana: kumburin fuska, hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi, saurin kamuwa da cututtuka. Har gobe likitoci suna amfani da shi, amma kaɗan, na ɗan lokaci, don ya riƙe majinyaci kafin maganin asali ya kama. Wata huɗu ba a san adadin da kike sha ba, ya isa haka.

Sai dai ki saurare ni da kyau a nan: kada ki yanke shi rana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata ƙaramar halitta mai yin kotisol. In an daɗe ana ba jiki na waje, wato sitiroyid, sai ta daina yin nata, in kuma aka yanke kwatsam mutum zai iya galabaita, jininsa ya faɗi, har ya kai ga halaka. A hankali ake rage shi, bisa tsarin likita. Abin da za ki yi a wannan makon shi ne ki sa a tambayi mai kemis sunan kowace ƙwaya da ƙarfinta a rubuce, ko ya ba da kwalinta, ki ɗauki ledar ki koma wurin likitan da ya ba ki takarda. Ya auna jininki da suga, ya duba cikin, ya tsara miki yadda za ki sauka kafin ranar babban asibiti ta zo.

Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Maiduguri, nan ne ake samun likitocin da suka ƙware a wannan fanni. Ba su da yawa a ƙasar nan, don haka a je a karɓi rana da wuri. Kafin ranar, duk safiyar da yatsun suka kumbura ki sa a ɗauke su hoto a waya, ki riƙa rubuta lokacin da kika tashi da lokacin da hannu ya saki, domin mai yiwuwa sanda layi zai zo kanki rana ta yi, kumburin ya ragu. Za su yi gwajin ESR da CRP masu nuna yawan kumburi, da RF da anti-CCP masu neman alamar wannan ciwo a jini, su duba yawan jini da lafiyar hanta da ƙoda. Akwai masu ciwon da RF da anti-CCP ba sa nuna komai a jininsu, hoton ƙashi ma a farko yakan fito lafiya lau. In hakan ta faru kada kowa ya ce miki shi ke nan ba ki da komai, hukunci na likitan da ya haɗa gwaji da abin da idonsa ya gani ne.

Magungunan da ke kashe wutar daga tushe suna nan, kuma akasarinsu tsofaffi ne masu sauƙin kuɗi in aka kwatanta da sababbi. Jagoransu metotirezet, sai haidiroksikulorokwin da salfasalazin. Ba sa aiki nan take, sukan ɗauki mako 6 zuwa 12, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa suke karaya su koma wa leda. Ki daure. Akwai kuma allurai na zamani da aka ƙera don su kama TNF shi kaɗai. Ravinder Maini da Marc Feldmann ne suka gwada irinsu a Landan a 1992, majinyata suka samu sauƙin da ya ba kowa mamaki, aikin da ya tabbatar da cewa saƙon garkuwar jiki ne ke tuƙa ciwon. Suna da tsada ƙwarai, kuma sai an tantance tarin fuka kafin a fara su, amma mutane da yawa ba sa buƙatar kaiwa gare su in an fara na farkon da wuri.

Dole ki gaya wa likita cewa kina shayarwa, ki kuma faɗa masa gaskiyar niyyarku game da ƙarin haihuwa. Metotirezet ba ya haɗuwa da shayarwa, kuma yana illata ɗan tayi, sai an dakatar da shi wata ɗaya zuwa uku kafin ɗaukar ciki. Sauran biyun, haidiroksikulorokwin da salfasalazin, ana ba mai shayarwa da mai ciki. In an ɗora ki a kan metotirezet, sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuskure a nan yana kisa. Ana haɗa shi da folik asid, ana bibiyar jini da hanta, kuma ba a shan Septrin tare da shi. Maganar tazarar haihuwa ke nan ta shigo, wadda ba za ki yanke ke kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu kan maigida. Maganar da ya faɗa miki ba daidai ba ce, kuma kina da haƙƙin jin zafinta. Amma da na sake karanta wasiƙarki sai na ga mutumin da tsoro biyu suka haɗe masa, tsoron cuta da tsoron aljihu, ya rasa yadda zai furta su sai suka fito a matsayin baƙar magana. Game da ƙanjamau, a bayyana masa cewa hanyarsu ma ba ɗaya ba ce. Ƙanjamau ƙwayar cuta ce da ke shigowa daga waje ta karya garkuwa. Naki kuwa garkuwar ce ta yi kuskuren abokin gaba. Ba a ɗaukarsa a shimfiɗa, ko a kwano, ko a nono. In zuciyarsa ba ta kwanta ba, ke ki fara cewa ku je a gwada ku tare, ba da fushi ba. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci, kuma dama likita zai so a yi shi kafin a fara wasu magungunan.

Kada ki tayar da zancen da safe, lokacin da kike cikin ciwo shi kuma yana haramar fita. Ki bari sai bayan isha'i, yara sun yi barci, ya ci abinci. Ki ce masa alfarma ɗaya kike nema: gobe in ya dawo daga masallaci da asuba ya zauna kusa da ke, ya riƙe hannunki, ya ji ɗumin gaɓɓan, ya ce ki dunƙule ya gani, ya gwada zare miki zobe. Gani ya kori ji. Daga nan ki roƙe shi ya raka ki wurin likita ya yi tambayoyinsa da bakinsa, domin maza da yawa abin da suka ƙi ji daga matansu sukan karɓe shi daga likita cikin minti biyar. In ya sauko, ki gaya masa cikin natsuwa cewa kalmar ganin dama ta yi miki ciwo. Kada ki binne ta, za ta riƙa cin ki.

Batun kuɗi kuma ku yi lissafi tare. Ku tara abin da leda ta ci a wata huɗu, da na maleriya da taifot da aka yi ta maimaitawa, da ɗinkunan da kika mayar wa masu su. Ku ajiye wannan kusa da kuɗin mota da kati da gwaji. Ku kuma tuna cewa jinyar ƙoda ko gyambon ciki mai zubar jini ta ninka duka wannan. Ku tambaya ko za ku iya shiga tsarin inshorar lafiya na ƙasa ko na jiharku, ku nemi ofishin walwalar majinyata a asibitin, ku kuma gaya wa likita ƙarfinku don ya fara da gwaje-gwajen da suka fi zama dole. Idan duk da haka ya ƙi, kada ki zauna shiru. Ki sanar da mahaifinki ko yayanki, ko wani babba da yake jin nauyinsa, ba a matsayin ƙara ba, a matsayin neman a taru a taimaka. In kina da adashe ko 'yar dabba, wannan ce ranarsu.

Uwar mijinki da mahaifiyarki duka sonki suke yi, kowacce da abin da ta sani. Ba sai kin yi musu da su ba. Ita uwar mijinki ki ce mata ta yi gaskiya, ɗumi yana taimaka miki, don kuwa yana yi. Ki sa a tanadar miki ruwan ɗumi a filas tun dare, da asuba ki tsoma hannuwanki a roba na kamar minti goma kina buɗe yatsu kina rufewa, da shi kuma za ki yi alwala. Amma tafasasshen ruwa da kunun kanwa ki ba ta haƙuri, domin kanwa tana riƙe ruwa a jiki ta ɗaga jini, ga ƙwayoyin da kike sha dama suna yin haka. Ƙaho da tsaga ma a dakata: sitiroyid yana hana rauni saurin warkewa, askar da ba a tsabtace ba kuma hanya ce ta ciwon hanta. Ki ba ta wani matsayi a jinyar. Ki roƙe ta ta turo miki yarinya mai taya ki aikin safe, ko ta raka ku asibiti. In ta ji bayani da kunnenta, ita ce za ta tsaya miki a gaban ɗanta.

Mahaifiyarki kuma ta ci gaba da addu'a da tofi, ke ma ki riƙe azkar ɗinki, babu abin da ya hana a haɗa su da asibiti. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Abu biyu kawai za ki roƙe ta: kada a ambaci sunan kowa da zargi, don zumuncin da zargin sammu ya raba yana da wuyar ɗinkewa, kuma kada a ba ki jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, saboda hantarki da ƙodarki suna da aiki a gabansu.

A harkar yau da kullum, ki juya tsarin gidan ya bi jikinki. Abin da za a iya haɗawa na karin kumallo a haɗa tun dare. Ɗinki ki mayar da shi tsakanin hantsi da la'asar, ki rage karɓar na gaggawa, ki samu yarinya mai koyo ta riƙa yi miki yanka, don almakashi ya fi keke wahalar da yatsu. Matsar wanki da daka da ɗaukar bokiti da yatsu ki bar wa wasu. Amma kada ki kwanta gaba ɗaya, gaɓar da aka daina motsawa ƙara sandarewa take yi. Ranar da gwiwa ta hana ki tsayuwa ki yi sallarki a zaune, Annabi ya ba Imrana ɗan Husaini wannan sauƙin da bai da lafiya. Ki kula da haƙoranki da dasashinki, ki kuma nisanci hayaƙin taba in akwai mai sha a gidan, domin duka biyun an danganta su da wannan ciwo.

Akwai alamun da ba a jiran ranar asibiti in sun bayyana. In kika ga bayan gidanki ya yi baƙi ƙirin ko kika yi aman jini, in gaɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi fiye da sauran tare da zazzaɓi, in numfashi ya yi miki wuya, ƙafafu suka kumbura ko fitsari ya ragu, ko kika ji jiri da amai da mutuwar jiki bayan kin tsallake ƙwayoyin nan, a kai ki asibiti mafi kusa a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne, a tafi da ledar maganin. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki yaran. In kin ga likita ki rubuto mini abin da gwajin ya nuna da maganin da aka ɗora ki a kai.